Ribon Bara

Akwai wata mata da aka taɓa yi a garinmu na Aldercote, tun jirgin ƙasa bai iso wannan yanki na Ingila ba. Sunanta Keziah Lovatt. Tatsar shanu ce sana'arta, da kaɗa man shanu, da yin cuku. Shekara goma sha tara ta yi a gonar tsoho Thrupp, har ta kai in mace ta shiga kasuwa ba ta cewa a ba ta cukun gonar Thrupp, sai dai ta ce a ba ta na Keziah.

Mijinta ya daɗe da rasuwa. 'Ya ɗaya tal ya bar mata, Selina, yarinya mai ɗan karen surutu, wadda ko saniya ce ta taka ta sai ta mai da abin na dariya. A tsakiyar lokacin zafi na shekarar da nake ba ku labari, ciwon maƙogwaro ya shigo gari. Kwana biyar Selina ta yi a kwance, ranar na shida aka kai ta. Shekarunta goma sha shida.

Tun daga ranar Keziah ta koma wata iri. Ba ta yi kururuwa ba, ba ta zube ba, ba ta fasa aiki ko na yini ɗaya ba. Ta tashi, ta tatsa, ta wanke bokitai, in an miƙo mata abinci ta ci. Amma kun san yadda ƙafa take in mutum ya daɗe zaune a kanta, ka taɓa ka ji kamar ta wani ce? To haka zuciyarta ta zama. Duk abin da ka faɗa mata sai ta dube ka ta ce to, kai kuwa ka san maganar ba ta shiga ba.

Ana cikin haka tsoho Thrupp shi ma ya rasu. Ɗansa ya sayar da shanun kaf, ya zuba tumaki a gonar. Ya kira Keziah ya ba ta haƙuri, ya ce ba shi da abin da za ta tatsa. Ta ce to.

Mai kula da gajiyayyun gari ya tare ta a hanya, ya ce in sanyi ya shigo ba ta sami wurin aiki ba, akwai gado a gidan gajiyayyu na kan tudu. Gidan da ake aske wa mace kai a sa mata rigar gida, a ba ta tsofaffin igiyoyi tana tsefewa har yatsunta su farfashe. Macen da ta haura arba'in in ta shiga can, da wuya ta fito da ƙafarta. Keziah shekarunta arba'in da shida. Shi ma ta ce masa to.

Dama ɗaya ta rage mata, kasuwar ɗaukar aiki ta bayan girbi. Ranar duk mai neman aikin shekara yakan fito ya shiga layi a gaban babbar rumfar kasuwa da alamar sana'arsa. Makiyayi ya soka gashin tunkiya a hula, mai keken doki ya naɗa igiyar bulala, mai tatsa ta maƙala gashin wutsiyar saniya a ƙirji. In manomi ya yaba da kai sai ya danƙa maka sule ɗaya a tafin hannu, magana ta ƙullu. Daga nan ka cire alamarka, ka je ka sayi ribon, wato siririn ƙyallen ado mai haske, ka ɗaura a hula. Kowa ya ga ribon ya san an riga an ɗauke ka, ba zai wahalar da bakinsa ba.

Da safiyar ranar Keziah ta buɗe akwati ta ɗauko malafarta ta fita unguwa. Rabonta da ita tun kasuwar bara, ranar da tsoho Thrupp ya sabunta mata shekara. Shuɗin ribon na nan a jiki yadda Selina ta ɗaura shi, da ƙullinta mai kunne ɗaya ya fi ɗaya tsawo.

Ta gan shi. Wallahi ta gan shi, har ta shafa shi da yatsa. Amma ƙullin Selina ta gani, abin da ribon yake nufi ranar kasuwa bai ko gifta mata a rai ba. Ta ɗora malafar a kai, ta maƙala gashin saniya a ƙirji. Da ta fito iska mai sanyi ta buge ta, sai ta ja mayafinta ta rufe ƙirjin, alamar ta shige ciki.

Gari ya cika. Mahauta sun gasa sa guda a tsakiyar fili, masu kiwon dinya suna kora garken tsuntsayensu, maƙeri na ta ƙwanƙwasa kofaton dawakan baƙi, mai shela na kaɗa ƙararrawa yana cigiyar wani alade. Iska ta juyo da warin majema ta haɗa shi da ƙamshin burodi. Keziah ta ratsa ta cikinsu, duk hayaniyar kamar daga bayan bango take jin ta.

Ta shiga layin mata ta tsaya kusa da Dorcas Pell. Ita wannan Dorcas Keziah ce ta koya mata tatsa tun tana 'yar shekara goma sha uku. Yanzu ta zama cikakkiyar mace mai kaifin baki, mai ganin duk yankin ba hannu irin nata. Mijinta ya shiga soja bai dawo ba, 'ya'yanta biyu suna wurin tsohuwarta.

Dorcas ta dubi malafar. Ta dubi fuskar Keziah. Ta san sarai ba wanda ya ɗauke ta, don jiya ma sun haɗu a bakin rijiya. Ta buɗe baki, sai kuma ta rufe.

"Yaya Keziah," in ji ta, "malafar nan ta karɓe ki."

Keziah ta ce to.

Manoma suka fara zagaye, suna duba hannaye, suna tambayar shekaru. Da yawa sun san Keziah. Wannan ya ɗaga mata hula ya ce barka, wancan ya ce Allah ya sa alheri, wani ya ce kai, wani ya yi sa'a bana. Ba wanda ya tsaya jin amsa. Ita kuwa ta ɗauka gaisuwar rashi ce irin wadda ta saba ji wata uku, tana ta cewa na gode.

Wajen tsakar rana matar Hallam ta iso, uwar ɗakin babbar gonar nan ta bakin kogi mai shanu ashirin da shida. Takanas saboda Keziah ta zo, don labarin shanun Thrupp ya kai mata. Ta taho da saurinta, tana ganin shuɗin ribon ta ja ta tsaya.

"Kash, an riga ni," ta faɗa, da ƙarfi ma kuwa.

Keziah na tsaye taku uku daga wurin. Idonta na kan wani kwatami da ɓawon tuffa ke yawo a ciki, ba ta ji ba. Matar Hallam ta juya ga Dorcas ta tambaye ta wa ya ɗauki Keziah.

"Ba ta faɗa mini ba, uwar ɗaki," in ji Dorcas.

Ku lura, jama'a, ba ƙarya ta yi ba. Ni kuwa a rayuwa ba abin da ke ƙona mini rai irin wannan gaskiyar da ake yanke ta daidai inda za ta cuci mutum.

Matar Hallam ta ce to ita fa, za ta iya da shanu ashirin da shida? Dorcas ta ce ita kaɗai ta isa, ko mataimakiya ba ta so, masu neman taimako ai tsufa ne ya kama su. Aka danƙa mata sule. Ta cire gashin saniyarta ta yar, ta wuce ta gaban Keziah ba ta waiwaya ba, ta je ta sayi jan ribon.

Rana ta yi ƙasa, layi ya yi ta raguwa. Masu ribon suka watsu cikin gari, ana goge ana rawa a ƙofar masauki. Daga ƙarshe ba kowa a gaban rumfa sai Keziah da wani mai keken doki mai ido ɗaya da wani da ya bugu ya jingina da ginshiƙi. Sanyin duwatsun daɓe ya ratsa takalmanta ya hau har gwiwa. Ba ta ji tsoro ba, ba ta ji kunya ba. Abin da take tunani kawai shi ne ko gadon da za a ba ta a kan tudu yana kusa da taga.

Sai ga Nahum Prickett, tsohon nan mai tallan ribon da allura a faifan katako rataye a wuya. Duk garin an san shi da faɗa, ko gaishe shi ka yi sai ya tambaye ka me kake nufi. Ya wuce ta, ya yi taku biyar, ya dawo da baya yana ƙanƙance ido.

"Wannan shuɗin na bara ne," in ji shi. "Bana ban kawo irinsa ba. Wa ya ɗauke ki?"

"Ba kowa, Baba."

"To uban me kike yi da ribon a kai tun safe?"

Keziah ta ɗaga hannu a hankali ta taɓa malafar. Ta daɗe a haka, yatsunta a kan ƙullin.

"Selina ce ta ɗaura," ta ce.

Tsoho ya tuna yarinyar, ita ce ta sa shi ya kwance ƙunshi bakwai bara kafin ta zaɓi launi. Can sai ya juya ya fuskanci fili ya shiga zazzaga wa garin Aldercote masifa, daga mahauta har mai shela, wai gari cike da idanu amma ba baki ko ɗaya. Ya dawo kanta ya ce manoman dai a ce ba su sani ba, to wadda ta tsaya kusa da ita tun safe fa, ita ma makauniya ce?

Bai bar ta a nan ba. Ya tasa ta gaba yana mita har gidan ƙanwarsa, matar mai burodi, ya ce a ba ta wurin kwana kusa da tanda, ta riƙa kankare tiren burodi. Bayan sati biyu akwai kasuwar 'yan gudu, wadda ake yi don waɗanda ba su dace ba da waɗanda suka tsere daga mugun ubangida. In wannan ta wuce, sai kuma baɗi.

Kwana goma sha huɗu Keziah tana kankare tire. Sau biyu mai kula da gajiyayyu ya leƙo sayen burodi, kowane zuwa sai ya tuna mata da maganar gadon.

Ranar kasuwar 'yan gudu da ruwa aka tashi. Nahum ya shigo da almakashi a hannu, ya ce ta miƙo malafar. Ta miƙa, amma ba ta saki ba.

"Baba, kar ka yanke ƙullin."

"Shekara arba'in ina wannan sana'a, ke za ki koya mini? Sakar mini."

Bai taɓa ribon ɗin ba. Saƙar malafar ya bi, ya datse ƙananan madaukai uku da suka riƙe shi, ya zare shi ta sama gaba ɗayansa. Ƙullin ya fito yadda yake. Keziah ta naɗe shi ta tura cikin rigarta. Shi kuma ya karɓi gashin saniyar ya maƙala mata da kansa a kan mayafi, inda ko mai ido ɗaya zai gani.

Kasuwar ba ta yi mutane ba. Manoma ba su fi goma ba, su ma masu neman na araha. Biyu sun tsaya a gabanta, suka tambayi shekarunta, suka dubi furfurar da ta leƙo ta ƙarƙashin malafa, suka yi gaba. Agogon coci ya buga biyu, ya buga uku. Nahum yana gefe cikin ruwa, ba ciniki, ya ƙi tafiya.

Ana dab da tashi sai ga keken dokin gonar Hallam. Uwar ɗaki na gaba, a baya kuma Dorcas ce zaune a kan akwatinta.

Ashe bakin Dorcas bai iya riƙe abin ba. Kwana goma da zuwanta, suna cin abinci a kicin da sauran barori, ta kwashe labarin ribon ta ba su don su ga wayonta, har tana kwaikwayon yadda Keziah ke cewa to. Ba wanda ya yi dariya. Mai dafa abinci ta ajiye ludayi ta shiga ciki ta gaya wa uwar ɗaki. Dama kuma tura ta kai bango, don har hantsi ake kaiwa ba a gama tatsa ba, man shanu sau biyu yana ƙin haɗuwa.

Matar Hallam ta ce wa Dorcas ta sauka ta koma inda aka ɗauko ta. Sannan ta nufo Keziah, ta kama hannunta ta sa sule a ciki ta dunƙule mata yatsu. Ta roƙe ta ta yafe mata, ta ce laifinta ne da ta tambayi wata alhali ga mai maganar a tsaye.

Keziah ta dubi sulen. Ta dubi Dorcas, wadda ta ja akwatinta ta tsaya a bakin rumfa, ruwa na zuba a kanta, jan ribon a dunƙule a hannu, ko alamar sana'a ba ta da ita. Manoman duk sun watse. Keziah ta laluba cikin ranta ko za ta sami fushi, ba ta samu ba. Ta laluba ko za ta sami daɗi, shi ma babu. Abin da ta sani kawai shi ne yadda duwatsun nan suke da sanyi da ƙarfe huɗu.

"Uwar ɗaki, hannu biyu ba za su gama shanu ashirin da shida ba," ta ce. "Yatsuna ba sa son sanyi yanzu."

Matar Hallam ta ce wannan mai sauƙi ne, ta zaɓi duk wadda take so a garin, amma ban da waccan. Ta ce wadda ta ga mutum yana nutsewa ta yi shiru, gobe za ta ga nonon saniya ya kumbura ta yi shiru in hakan ya fi mata.

"Ni na koya mata, na san abin da hannunta ya iya," in ji Keziah. "Yara biyu gare ta. Kuma ba za ta ƙara yin shiru ba."

Nahum ya ja tsaki mai tsawo ya ce shi dai bai taɓa ganin irin wannan wauta ba. Matar Hallam ta daɗe tana kallon Keziah. Daga baya ta ce ta yarda, amma a ƙarƙashin Keziah za ta yi aiki, kuma ranar da Keziah ta ce ta gaji da ita, ranar za ta kama hanya.

Suka hau bayan keke su biyu, akwati a tsakaninsu. Sai da suka wuce majema suka fita gari sannan Dorcas ta iya magana, tana kuka tana sharar hanci da bayan hannu. Ta ce tsoro ne ya kama ta ranar. Wuri ɗaya ne, kuma ta san in uwar ɗaki ta gane, Keziah za ta ɗauka, ita da 'ya'yanta su shiga sanyi ba abinci.

Keziah ba ta dube ta ba, idonta na kan hanya.

"Gonar Hallam ba ta taɓa zama wurin mutum ɗaya ba," ta ce. "Babbar mai tatsa suke ɗauka, ita kuma ta zaɓi ta biyu. Shi ya sa na zo na tsaya kusa da ke. Da kin faɗa mini, da tun sati biyu da suka wuce muka hau keken nan tare."

A haka suka isa gonar.

Ba zan yi muku ƙarya in ce Keziah ta warke a wannan shekarar ba. Ta daɗe a yadda take. Amma shekara goma sha ɗaya ta yi a gonar Hallam, ba ta taɓa tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Da ciwon ajali ya kama ta a nan gonar ta kwanta, a ɗakinta, kuma Dorcas ce ta yi jinyarta har ƙarshe.

Darasi: In ka ga ɗan'uwanka ɗauke da wani kuskure da shi bai gani ba, alhali abin yana shirin raba shi da abincinsa ko mutuncinsa, ka buɗe baki ka gaya masa. Kar ka ce ai ba ƙarya ka yi ba, shirun da ka yi don ka ci riba shi ma zalunci ne, kuma sau da yawa wanda kake ɓoye wa gaskiya alheri yake nufinka da shi. Mai baƙin ciki kuwa ba gaisuwar wucewa yake bukata ba, a tsaya a tambaye shi, a jira amsarsa. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda yake tsaye kusa da ku yau yana bukatar kalma ɗaya daga bakinku.